Sawun Tayar Moto a Ƙafar Amarya

Larabar makon bikin Hadiza, ɗiyar maƙwabtanmu a unguwar Lazare, damina na ƙarewa, ina shekara goma sha biyu, na wayi gari tsakar gidanmu ta yi mini kaɗan. Inna ce mai lallen amare a kartiyenmu, wato unguwarmu, sai ga man tuya ya ƙone mata hannun dama. Hadiza kuwa ta rantse sai zanen da ba a taɓa gani a ƙafar kowa ba, gwaggonninta suna cewa in Inna ba za ta iya ba, za su kai ta wani salon na kwalliya a unguwar Plato. Kowa ya san in amarya ɗaya ta tafi, sauran bin ta za su yi. Inna ta ce, "Rabi za ta yi." Ni ke nan fa, da aikina bai wuce kwaɓa lalle da riƙe almakashi ba.

Zanen Inna duk na haddace su, tsani ne, ganye ne, ƙashin kifi ne, amma duk an ga tsufansu. Na ɗauko allon lakwal, makarantar bokon da na daina zuwa, na zana, na goge da miyau, na sake zanawa. Na share tsakar gida, na kuma share inda na share. Na je pompo na ɗebo ruwa alhali randa cike take, na kori kajin da ba su yi mini laifin komai ba. Kan nan nawa kamar ƙwaryar da aka suɗe.

Kaka, mahaifiyar Inna, mutuniyar Damagaram, tana gindin dogon yaro tana tsinkar zogale. Ta ce, "Ke ƙadangaruwa, kin sa mini jiri. Kai in ya ƙi, titi ake tambaya." Haka take yi tun tana sassaƙa ado a bayan ƙorai: ka tsaya bakin ƙofa ka rufe ido, ka yi bisimilla, ka buɗe, abin da idonka ya fara sauka a kai shi ne aikinka, ba musaya.

Na tsaya bakin ƙofa na rufe ido, zuciyata na roƙon tantabara ko mace mai atamfa mai furanni. Ina jin Bazabarmiya mai tallan kopto, kwaɗon zogalensu, tana kira, ina jin ƙarar kurar ƴan garuwa. Da na buɗe ido, sai ga taɓon ruwan wanke-wankenmu, moto, wato babur, ta bi ta ciki ta bar sawun taya. Na ce, "Kaka, a sake!" Ta ce, "Kasuwar Wadata ce nan da za ki yi ciniki? Tsuguna."

Na tsuguna ina ƙunƙuni, wari na dukan hancina. Can sai na ga sawun ba shirme ba ne: layi ɗaya a tsakiya, ƙananan tsagu suna fita hagu da dama, wannan bai daidaita da wancan ba, kamar suna tsere. Na ruga ciki na kama yanka sikoc, salatif ɗin fitar da zane, da reza siri-siri, na lalata ya fi wanda na mora. Da la'asar na manna wa Hadiza daga yatsu har idon sawu, na shafe da lalle, Inna na tsaye kaina.

Da safe aka ɓare. Babbar gwaggon ta juya ƙafar, ta sake juyawa, ta ce, "Wannan daga ina?" Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, Inna ta take mini ƙafa. Ba a je Plato ba, amaren bayan Hadiza ma gidanmu suka zo.

Yanzu ni ke riƙe da sana'ar. Ƴammata da hoto suke zuwa cikin waya, su ce irin wannan sak, ba mai barin kaina ya toshe balle ya buɗe. Wani lokaci in gida ya yi tsit, ƙafata ta kan ja ni bakin ƙofa. An shimfiɗa wa layinmu pabe, bulon daɓen titi, taya ba ta barin sawu, Kaka ma ba ta nan. Ina dai rufe idon.