Ranar Da Agogon Baba Ya Yi Sanyi

Jama'a, wannan labari ba a bakin wani na tsince shi ba, a hannuna ya faru, kuma Allah shaida ne ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina da ɗan shagon gyaran rediyo da salula kusa da tashar Matameye, wajen da motocin Ɗan Barto ke lodi. Ni mutum ne mai kafiya, in na'ura ta ƙi ni to ta jawo wa kanta, ba na barinta sai na ga hanjinta.

Mahaifina shi ne ladanin masallacin unguwarmu tun ba a haife ni ba, kuma bai taɓa ɗaura agogo ba. Wani turke ya kafa a harabar masallaci, inuwarsa yake aunawa da tafin ƙafa, ya san azahar ya san la'asar, har masu agogo da kiransa suke saita nasu. To sai yanar ido ta fara rufe masa gani, ya daina ganin bakin inuwa, sau biyu yana kiran la'asar lokaci bai yi ba. Rannan limaminmu, Malam Isuhu, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, Baba ya yi iya yinsa. In aka sake kuskure dole mu ba wani lasifikar." Wallahi maganar ta soke ni, don na san ubana, ranar da aka karɓe masa kiran nan an gama da shi. Na ce, "Malam, a ba ni wata ɗaya."

Wani zai ce ai sai a ba shi salula mai ƙararrawa. Na gwada, ya ce shi ba zai zauna ƙarfe ya riga shi kira ba. Amma na lura jan haske yana iya hango shi. Saboda haka na sa aka zo mini da kaya daga Kano, na zauna na haɗa agogo da hannuna, lambobi jajaye kowace tsawon tafin hannu, na sa shi a akwatin katako, na ja masa wuta daga batir da panon rana, wato faifan sola, na kafa a zauren masallaci inda Baba ke zama. Ya matso da fuskarsa, ya karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya yi dariya. Ranar kamar an yi mini albishir da Makka.

Sai dai bazara ce, kun san zafin ƙasar Damagaram. Da an sallame azahar akwatin sai ya ɗau zafi, lambobi su fara rawa, kafin la'asar su mutu ɗungurungum, daidai lokacin da ake bukatarsu. Dole kullum in rufe shago in rugo in raɗa wa Baba lokaci, shi kuma abin yana ba shi kunya. Na ce ba komai, akwai wani ɗan ƙarfe mai ƙafa uku da ke rage ƙarfin wuta, shi ne mai laifin. Na yanko tsohon murfin tukunyar Inna na ɗaure masa don ya riƙa shanye zafin, a banza. Na huda akwatin kamar rariya, a banza. Na ciro 'yar fanka daga wata matacciyar kwamfuta na dasa, ta yi ta juyi tana hura iska mai zafi kamar ta maƙera.

Ran nan haushi ya ishe ni, na kwance shi na kai shago, na cire batir, na cire kowace waya, na ajiye shi a kan tebur cikin inuwa. Wajen ƙarfe uku na kai hannu zan ɗauka, na rantse da Allah sai da na sake shi. Zafi rau, babu wuta babu rana. Na taɓa sauran kayan da ke kan teburin, lafiyarsu lau. Amma maimakon in ji tsoro sai na ƙara hawa dokin naƙi.

A kwanakin nan kuma Inna tana ta faɗa mini cewa kullum bayan azahar zazzaɓi ke rufe Baba, mun je likita an auna ba a ga komai ba. Ni da ke da kan gyara, ko kusa ban haɗa biyun ba.

Randar Inna ce ta ba ni dabara. Na samo tukwane biyu, babba da ƙarama, na fasa wa kowace taga a gefe, na zura ƙaramar cikin babbar, na cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, na naɗe cikin agogon da leda don kada laima ta taɓa shi, na zaunar da shi yana leƙowa ta tagar, na rufa jiƙaƙƙen buhu. Mutane suka yi ta tsokanata wai na dafa agogo. Amma ranar lambobi ba su mutu ba, Baba ya kira la'asar daidai, ya dawo yana cewa yau jikinsa da dama-dama.

Da nan na tsaya da ya fi. To amma in na zura hannu sai in ji sauran ɗumi, ni kuwa sanyi ƙalau nake so. Baba ya ji ina ta ƙunƙuni, ya ce, "Kai dai ba ka san ya isa ba. Bar shi da ɗan ɗuminsa mana, abin da ke aiki ai ba ya rasa ɗumi." Na ce, "Baba, wannan fannina ne, ku bar ni da shi."

Ranar da wata ɗayan da na roƙa a wurin Liman ke cika ta faɗo ran kasuwa. Na sayi ƙanƙara mai yawa, na farfasa na cusa cikin rairayin, na juya fankar tana bugun buhun. Ƙarfe uku da rabi na zura hannu, sanyi kamar gindin randa. Daɗi ya kama ni, na ce yau na kayar da kai. Lambobi na nuna 15:50 Baba ya miƙe ya kama lasifika, ya yi wani kira da rabon da in ji irinsa tun ina yaro, har Malam Isuhu ya dube ni ya gyaɗa kai. Da ya gama na kama hannunsa zan kai shi sahu, sai na ji hannun da sanyi, irin sanyin da na baro cikin tukunya. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, zazzaɓin ya tafi."

Aka yi sallama kowa ya ɗago, Baba yana zaune bai juya ba. Kafin magariba mun kai shi makwancinsa. Da na dawo ɗaukar agogon, lambobin na nan a kunne, batir cike, amma suna tsaye a kan 15:50.

Na san ajali ne, Liman ma ya ce kada in sa wa raina komai, kuma na yarda. Amma har yau in na tuna maganar da ya yi mini da amsar da na ba shi, sai hawaye ya zo mini. Na cire batirin, na sa agogon a ƙasan adaka, ban sake haɗa wani ba.

Bara da bazara na tashi da zazzaɓin da ba ya zuwa sai bayan azahar. Ina neman wata takarda a adakar hannuna ya faɗa kan akwatin agogon, na ji shi da ɗumi. Matata ta ce bari ta jiƙo tsumma ta rufa masa, na riƙe mata hannu da ƙarfin da sai da ta tsorata. Yana nan yadda yake, kuma na hana kowa kusantarsa da ruwa.

Ni ban san mene ne ba, ban kuma ce ku fassara mini ba. Abin da zan ce kawai, in gyara ya kai inda ake bukata ku tsame hannunku, in kuma babba ya ce a bar abu haka nan, ku bar shi ko da kun fi shi sanin aikin. Allah ya jiƙan iyayenmu.