Mama Mastura, Wadda Ta Koya Mana Riƙe Mai Karatu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2025, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Hajiya Mastura Na'Allah a gidanta da ke Agege, bayan gajeriyar jinya. Ɗanta Kamal ne ya kira ya sanar da ni. Na zauna da niyyar rubuta alhini, amma duk abin da na tuna game da ke, Mama, sai ya sa ni murmushi da zumuɗi. Haka kika rayu da mu.

Tsohuwar malamar makaranta ce, haifaffiyar Agege, mai jin Yarbanci kamar Hausa. Babbar damuwarta ita ce 'ya'yanmu na Legas suna jin Hausa amma ba sa karanta ta. Ba ta taɓa ganin laifin yaran ba, mu marubuta take tuhuma. Takan ce in miya ta yi daɗi ba a roƙon kowa ya sa hannu. Shi ya sa ta buɗe barandarta duk Asabar ga masu rubuta labarai a waya.

Na zo wurinki a lokacin da na yanke shawarar ajiye rubutu. Ina sakin labarina a WhatsApp, masu karatu suna zamewa, har ya kai in na saki babi sai shiru kamar an shuka dusa. Kika ce in karanta miki da ƙarfi. Kina tsintar wake a tire, kika ce duk inda hankalinki ya bar labarin za ki ƙwanƙwasa tiren. Ban gama shafin farko ba baranda ta ɗauki ƙara kamar ana kiɗan ƙwarya.

"Hassana, 'yar nan, tun ɗazu kike nuna mini labule da kujeru. Wa ke cikin ɗakin? Me yake so? Wa ya hana shi?"

Na ce sai nan gaba za a gani.

"Nan gaba! Kin taɓa ganin kwandastan motar danfo ya ce a shiga tukuna, in an yi nisa ya faɗi inda za shi? Tun daga bakin titi yake ihu!"

Daga ranar muka shiga aiki. Kika sa na zubar da duk doguwar shimfiɗar da nake ji da ita. Kika ce in daina kai mutanen labarina garuruwan da ban taɓa kwana ba, in dawo da su nan, su yi ciniki a kasuwar Mile 12, su yi magana yadda muke yi. Kika koya mini in tsayar da babi daidai lokacin da tukunya ke tafasa. Amma kin ja mini kunne a kan abu ɗaya: kada in kwaɗaita wa mai karatu abin da ba zan ba shi ba, domin wannan yaudara ce.

Ba zan manta Asabar ɗin da Haoua ta faɗo mana ba, wata 'yar Maraɗi mai sayar da turaren wuta. Ta shigo tana huci, ta nuna ni da yatsa.

"Hajiya, wallahi ɗiyar ga taku ta cuce ni! Abule Egba za ni kai kaya, ina karatun labarinta cikin mota, ban ɗaga kai ba sai da muka wuce nesa, na gan ni a Sango!"

Mama, guɗar da kika rangaɗa sai da maƙwabta suka leƙo. Kika manta da ciwon gwiwa, kika miƙe kina taka rawa, kina kiran matan layi da Yarbanci su zo su ga marubuciyar da ta ɓatar da fasinja. Ranar ba wanda ya tafi bai ci dafa-dukarki ba. Ni kuwa tun daga nan ban sake tunanin ajiye alƙalami ba.

Ba ni kaɗai ba ce. Ridwanu, mai gadi a Obalende, da kunya ya fara kawo miki waƙoƙinsa. Yau ɗaliban Islamiyya suna rera su a wurin walima.

Da na je duba ki kina kwance, kika ce in karanta miki sabon babi. Idonki a rufe, na ɗauka barci ya ɗauke ki. Ina kai ƙarshe kika buɗe ido.

"Sai kuma me ya faru?"

Na ce ban rubuta ba tukuna.

"To me kike zaune kina kallona? Tashi ki je ki rubuta!"

Na rubuta, Mama, amma kin riga mu gidan gaskiya. Kamal ya ce baranda ba za ta rufu ba, don haka a can zan karanta shi ga 'yan'uwa.

Allah Ya jiƙan ki da rahamarSa, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kamal da ƙannensa, da dukan zuri'ar Na'Allah, da jama'ar Agege. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.