Jan Zaren Gwaggo

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina tsakiyar cike wa wani mutum haƙori, yayana ya bugo waya ya ce Gwaggo ta cika. Na ƙarasa aikin da ke hannuna, don na san, Gwaggo, da kina nan ba za ki yarda in bar mutum baki buɗe ba. Sannan na shiga bayan ƙofa na yi kukana.

Gwaggo, yayar mahaifina, ke kika riƙe ni tun ina shekara shida. Duk unguwa an san ki da asuwaki. A barandarki na buɗe ido na ga yadda kike yanka shi daidai taki ɗaya, ki wanke, ki shanya a inuwa. Ba ki taɓa miƙa wa wani daga ɗaurin da ba ki fara tauna ɗaya da bakinki ba. Mai ciwon haƙori ki ba shi kanumfari ya danne a wurin, mai zubar jinin dasashi ki sa shi kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi ko dafaffen ganyen gwaiba. Wanda kuwa kika gani yana goga asuwaki gefe da gefe, ko baƙo ne sai kin tsayar da shi kin tambaye shi ko katako yake yankawa.

Da na gama karatun likitan haƙori na dawo da girman kai, kuma a kanki na fara sauke shi. A gaban mutane na ce ki daina wannan sana'a, kina ɓata musu lokaci da 'yan itatuwa har haƙoransu su ruɓe. Kika dube ni, kika ce, "To, Likita." Iyakar abin da kika ce ke nan. Shekara tara muna gaisawa, ina kawo miki sabulu da turare, amma maganar tana nan tsakaninmu. Na san na yi miki laifi, bakina ne ya ƙi furtawa.

Bara ne Allah Ya nuna mini wautata. Na lura ma'aikaciyar jinyarmu, wadda ke tsara layi, tana shigo da wasu gaba da waɗanda suka riga su zuwa. Na ɗauka son kai ne, na yi mata faɗa. Sai ta jawo aljihun teburinta. Cike yake da gutsattsarin asuwaki, kowanne ɗaure da jan zare.

"Gwaggonki ce ta zo da ƙafarta," in ji ta. "Ta ce ita ba ta iya rubutu ba, wannan ce wasiƙarta. Duk wanda ya zo da shi, ciwonsa ya fi ƙarfinta, kada a bar shi ya jira. Ta kuma ce kada in gaya miki, kina da fushi."

Na zauna na bi katunan mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Ban sami ko ɗaya da kika aiko a banza ba. A cikinsu har da wani direban babbar mota da ya zo muƙamuƙinsa ko kumburin kirki bai yi ba, alhali ruɓa ta riga ta kama hanyar wuyansa. Sai da na'ura ta ɗauki hoto na gane haka. Ke kuwa a baranda, da ido da ɗan yatsa, kika hana shi kanumfari, kika ce masa maganin da zai kwantar da zafin ne zai kashe shi. Har yau ban san yadda kika gani ba, Gwaggo. Na yi karatu, amma wannan bai zo a cikin littattafan da na karanta ba.

Duk da haka sai da na ƙara wata biyar ina cewa gobe. Da aka ce kin kwanta, tsoro ya kama ni kada ki tafi ban roƙe ki ba. Na same ki kin rame, muryarki da ƙyar take fita. Na durƙusa gefen gadonki na ce, "Gwaggo, na ga zaren. Ki yafe mini." Kika ɗaga hannu kika kama haɓata.

"Buɗe bakinki in gani."

Na buɗe, ni da furfura ta fara fito mini. Kika juya fuskata wajen taga, kika daɗe kina dubawa.

"Yafiya tun ranar na yi. Amma kina gyara na mutane kin bar naki. Na can ƙurya, hagu, ƙasa. Ki je a duba."

Kwana huɗu bayan nan kika rasu.

Ya Allah Ka jiƙan Gwaggo, Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta. Ka sa kowane ciwo da ta kwantar, da kowane rai da ta aiko aka ceta, su zama nauyi a mizaninta. Ina yi wa Baba ta'aziyyar yayarsa, da yayana, da jikokinta, da dukan mutanen unguwa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen.

Jiya na kwanta a kujerar da nake kwantar da mutane, abokin aikina ya duba. Kogo ne, Gwaggo, can ƙurya, hagu, ƙasa, daidai inda kika ce.