Abin da Yaya Idi ya kira haki

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, Inna Ramatu. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta. Duk shekara in watan ya zagayo nakan soya masa in rarraba sadaka, in yi mata addu'a, in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin abin da ta bari a bayan gidanmu na Malanville saura ƙiris a gama da shi, kuma mai gamawa da shi cikinmu ɗaya.

Inna tana da garka bayan ɗakin girki. Ba wata babba ba ce, amma akwai guro, wato kuɓewa, da sure, wato yakuwa, da tonka mai yaji, da yalo, da ɗoɗɗoya a gindin randa inda ruwa ke ɗiga, sai itacen tamakka, wato zogale, guda uku a jikin katanga. Lalo da tafasa kuwa ba ta taɓa shuka su ba. Da ruwan farko suke fitowa da kansu, ta ce baƙin Allah ne, ba a korar su. Takan ɗora tukunya tun ba ta san miyar da za ta yi ba. Sai ruwa ya fara zafi ta ɗauki ƙwarya ta shiga garka, abin da ta tarar ya isa tsinka shi ne miyar ranar. Duk girman kasuwar nan da mutane ke ƙetaro gada daga Gaya dominta, Inna gishiri da daddawa da busasshen kifi kawai ke kai ta.

Da ta rasu gidan ya koma hannun babban wanmu, Yaya Idi, dillalin albasa. Damina ta biyu na zo daga gidan mijina da ƙwaryata, na tarar da garka ta yi jawur kamar an bi ta da wuta. Ashe mai feshi ya kira, aka bi ta da maganin da ake zuba wa gonar shinkafa. Ya leƙo yana sakace haƙori ya ce, “Haki ne fa, Hadiza. Macizai kawai yake tara muna.”

Haki! Shekarar da gulbi ya cika ya cinye shinkafar Baba, wata uku wannan hakin muke ci. Inna ta dafa tafasa ta matse, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da ɗan garin rogo, mu zagaye akushi mu shida. Wanda ke karɓe akushin ya suɗe da yatsa har ya yi ƙyalli, shi ne yau bai san sunan ganyen ba. Ban yarda mantuwa ce ba. Kunya yake ji abokan cinikinsa su san abin da ya raya shi.

Bayan feshi sai siminti. Aka sare tamakka biyu, aka gina ɗakin ajiyar buhunan albasa a kan wurin guro. Yanzu in ka shiga gidan Inna warin ruɓaɓɓiyar albasa ke tarbar ka, miyar gidan kuwa dunƙulen kanti huɗu ake jefa mata, kowace rana ɗanɗanonta ɗaya.

Watan jiya likita ya gaya masa jininsa ya hau, ya rage gishiri da dunƙule, ya riƙa cin ganye. Ya biyo ta gidana da rana, na zuba masa tuwo da miyar lalo da gabu, busasshen ganyen albasa. Loma uku ya yi ya ɗago kai.

“Ke Hadiza, wannan ai miyar Inna ce sak! Ina kika samo?”

Na ce, “Haki ne, Yaya. Ci a hankali, kar maciji ya sare ka.”

Ya yi dariya har da tari, ya nemi ƙari. Ni ban yi dariya ba. Ban kuma gaya masa cewa ranar feshin nan na shiga ɗakin Inna na ɗauke kwalaben irinta da take cuɗawa da toka don ƙwari ba. A fasassun robobi nake shuka su, a tsakar gidan haya, lalo kuma da kansa yake fitowa a tsakaninsu.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga simintin nan. Na san ta: ba za ta ɗaga murya ba, ƙarin miya za ta zuba masa. Ni ban kai ta ba. Ina gaishe shi, ina zuwa sunan ’ya’yansa, don zumunci ba abin wasa ba ne wurin Allah. Amma sau da yawa ina idar da salla sai in ji zuciyata ba ta sauko ba, in zauna ina istigfari.

Saura tamakka ɗaya. Rassanta sun ƙetare katanga sun leƙa lungu, kuma da gangan Inna ta bar su haka. Har gobe matan unguwa na tsinka, masu jego da tsofaffin da ba su iya zuwa kasuwa, kowace ta ce Allah ya jiƙan Ramatu. Inna ba ta gina masallaci ba, ba ta haƙa rijiya ba. Sadakarta da ke gudana ita ce wannan itace. Shi ne Yaya ya ce bayan Salla za a sare, a faɗaɗa ƙofa, babbar mota ta riƙa shigowa da baya.

Yaya Idi, na san za a karanta maka wannan a rumfarka. Ba zan hana ka miya ba ko ka sare, Inna ba ta koya mini hana abinci ba. Amma ranar da ka sa gatari, kada ka aiki kowa. Kai da kanka za ka tsaya a lungun nan, in matan sun zo da ƙorensu, ka dube su ka ce musu haki ne.