Benen Watari da Kan Yaya Habu

Asabar: daga gida zuwa Dawanau

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, muka bar gari mu goma sha ɗaya, 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayon ƙauyenmu. Matasan wani gari da ke bakin dam ɗin Watari ne suka gayyace mu. Ni na rubuta wasan, kuma duk wanda ya karanta littattafan soyayya ya san so ba ya yiwuwa sai da bene: budurwa a sama, saurayi a ƙasa yana zuba kalamai. Garinmu babu bene ko ɗaya. Wannan bai dame ni ba.

Yayana Habu, wanda guminsa muke ci a gidanmu, bai taɓa hawa dandali ba. Ni na lallaɓa shi, don ƙirarsa ta dace da attajirin uban yarinya.

Muka iso Makoda ƙarfe shida, uku-uku a kan babur. Direban bas ya ce mai ya yi tsada, don haka kujerar mutum huɗu ta zama ta biyar. Na ce, "Malam direba, da manyan 'yan wasa fa kake tafe." Ya ce, "To su yi wasan siraran mutane." A shingen jami'an tsaro na biyu aka buɗe buhun kayanmu, aka ga matashin da muke yi wa Yaya tumbi da shi, aka yi dariya, aka karɓi na goro duk da haka. Tara da minti goma muna Dawanau. Ƙosan naira ɗari guda uku, kowanne kamar maɓallin riga.

Watari

Sha biyu da rabi muka sauka. Ruwa shimfiɗe, gonakin albasa kore shar, har na fara tsara baituka a zuci. Sai muka hau ginin bene: amalanke a ƙasa, buhunan albasa a kai, benci biyu a can ƙoli.

Ladan, shugaban ƙungiyarmu, ya girgiza bencin ya dube ni. "Malam marubuci, son nan ba zai yiwu a ƙasa ba?"

Na ce, "A ƙasa ai kowa ma yana yi."

Bayan la'asar aka fara. Sabi'u, da ya yafa gyale a matsayin budurwa, bai kai nauyin buhu ɗaya ba, bene ya ɗauke shi lafiya. Sai attajiri ya hau don ya kori saurayi daga sama. Albasa ta mirgina, benci ya zame, ƙeyar Yaya ta daki ƙarfen amalanke. Jama'a suka yi tafi. Ya ɗan jima kwance, sannan ya buɗe ido ya ce, "Ina ne nan?"

Ƙaramin asibiti

Ma'aikaciyar jinyar, wata dattijuwa mai tabarau, ta haska masa fitila a ido, ta sa ya matse mata yatsu. Ta ce ƙwaƙwalwarsa ce ta girgiza, a nan zai kwana a sa masa ido. Na matso na tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko zai manta da duniya ne sai ranar da ya ga fuskar wadda yake so.

Ta sauke tabarau. "Kai ne mai jinyarsa? Allah ya ba shi haƙuri. Saurara. Ba hayaniya, ba rediyo, ba rana, ba babur, ba gona. 'Yan dubiya su bar shi ya huta. In amai ya maimaitu, ko ciwon kan ya ƙaru, ko ka tashe shi ya ƙi tashi, ku wuce babban asibiti a Kano, kada ka tsaya waƙa."

A littafi mai jinya yakan zauna bakin gado da tuffa a faranti, hawaye na zuba a hankali. Ni bokiti aka miƙa mini. Sau ɗaya ya yi aman, alhamdu lillahi. Bayan nan sai tambaya: "An yi wasan?" Na ce an yi. Minti biyar: "An yi wasan?" A karo na goma na daina jin abin a matsayin wahala, tsoro ya kama ni. Wannan mutumin ne ya san kwanan kowace shuka a gonarmu, ga shi bai riƙe abin da na faɗa masa yanzu ba, kuma ni na ɗora shi kan albasa.

Lahadi

'Yan ƙungiya suka koma gida da safe. Sun zo sallama su tara a ɗaki ɗaya, kowa na nuna yadda aka faɗi, har da sautin ƙarfen. Yaya ya dafe kai, na kore su. Muka wuni a ɗakin wani manomin albasa, taga a rufe, ina ba shi kunu cokali-cokali.

Litinin: hanyar gida

Bakwai na safe muka tashi. Na biya kujerar gaba duka, na roƙi direba ya kashe rediyo ya bi ramuka a hankali. Fasinjoji suka yi ta sa mini albarka irin wadda ba a so. Daga Makoda na ƙi babur, muka jira awa biyu har aka sami wata a-kori-kura mai zuwa wajenmu.

Ƙarfe biyu muka iso, muka tarar da rabin gari a ƙofar gida. Labari ya riga mu. Na shigar da Yaya ɗaki, na dawo na tsaya a bakin zaure. Baffa Ɗanlami, wan mahaifinmu, ya taho da sandarsa.

"Matsa in duba ɗana."

"Baffa, a yi haƙuri. An ce kada kowa ya shiga."

"Ni ne kowa? Kai da ka fasa masa kai, kai ne kuma mai gadinsa?"

Ban matsa ba. Aka fara salati: yau an hana dubiya a gidan Musulmi. Sai ga Inna da tabarma. Ta shimfiɗa ta a ƙarƙashin darbejiya ta zauna, ta ce, "Yaya Ɗanlami, ni na haife shi, ni za a yi wa sannu. Ku zo nan. Wancan kuma ku bar shi a ƙofar, yau ne ya fara aikin da ya amfani gidan nan."

Haka aka yi kwana uku, Inna na amsa gaisuwa, ni ina gadi. Ran Alhamis da hantsi Yaya ya leƙo da kansa, ya ce wa ya ba shanu dusa tun Asabar, kuma me ya sa jan bijiminsa ya rame. Na ce tun dawowarmu ni ne. Ya zage ni tas, da cikakken sunana, bai tsallake laifi ko ɗaya ba. Ban taɓa jin kalamai masu daɗin waɗannan ba.

Godiya ga Allah da ya maido mu. Godiya ga dattijuwa mai tabarau, da manomin da muka ɓarar masa da albasa bai ce uffan ba. Masu tafi kuma, Allah ya saka.