Ƙwaryar Waken Inna

Wata safiyar Laraba ce cikin watan Agusta, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, na bi Inna zuwa 'yar gonarta da ke cikin kwari, gabas da ƙauyenmu a ƙasar Ollelewa. An jera kwanaki ana ruwa, abin da ba mu saba gani ba a Damargu. Muka tarar wake ya yi rawaya, ganye ya langaɓe kamar an watsa masa ruwan zafi. Inna ta kama guda ta ja, ya biyo hannunta ba gardama. Saiwar ta yi baƙi, ta ruɓe, tana wari. Ta daɗe a tsaye tana salati. Kafin mako ya zagayo, gonar ta tafi duka.

Irin nan daga gidan mahaifiyarta ta zo da shi, kuma abin da ya rage ƙwarya guda ce, binne cikin toka a tulu. Duk rani hankalinmu na kan tulun. Hatsi ya ja baya a rumbu, fura ta koma ruwa-ruwa, ƙanena yana kwana da kuka. Baba ya ce kwarin ne ya cuce mu, da ɗanyen kashin awaki da muka zuba. Ya roƙi wani Bafulatani abokinsa ya kwantar da shanunsa a kan tudu, mu kuma da an tashi karatun allo sai mu ɗauki kwanduna, mu yi ta jidar takin da ya shekara muna bazawa.

Gab da damina malamin gona ya zo da wani jan garin magani mai guba na gauraya iri. Ya ja kunne ƙwarai: "Waken da ya taɓa wannan ya bar tukunya har abada. Ko kaza kar ta tsinta." Da ya tafi Inna ta dubi Baba. "Malam, in na zuba, ruwa kuma ya ƙi, me zan ba yaran nan?" Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ƙwaryarki ce, Hajara." Sai da aka kira la'asar, sannan ta yi bisimilla, ta zuba, ta girgiza har waken ya yi jawur.

Muka shuka a kan tudun bayan ruwan fari, sama kuma ta ɗauke. Kullum ina duban gabas har wuyana ya ƙage. Da ruwan ya dawo, tsoron ya sake kama: in ganye ɗaya ya yi rawaya, sai in tsuguna in duba gindinsa. Cikin ikon Allah waken ya yaɗu, ya yi fure, ya yi 'ya'ya. Sai da Inna ta cika tulu kafin ta yarda a ɗora tukunya.

Yau jikokina suna sayo iri a kasuwar Tanout, cikin leda, da maganinsa a jiki, ba su san gonar da ta haife shi ba. Allah Ya jiƙan Inna. Ni dai har yanzu ba na iya ganin ƙwayar wake a ƙasa in wuce.