Liƙi a Goshin Dattijon Japan

Kano zuwa Guangzhou

Ana kiran assalatu Yaya Sabo ya danna hon a ƙofar gidanmu a Gwammaja, ni ko fuska ban gama wankewa ba. Wannan tafiya tasa ce, ni ɗauko ni aka yi kamar jaka. Na yi shekaru ina haɗa kiɗan finafinai a wani ɗan situdiyo, sai bara aka dakatar da harkar fim a Kano, aiki ya tsaya cak. Yaya, wanda dama bai taɓa ɗaukar kiɗa sana'a ba, ya tara Inna da matata ya yanke hukunci: za a zuba rabona na gadon mahaifinmu a takalma, zai kai ni China in ga hanya, fiyanona kuma a sayar. Na ce to, don bakina bai iya ce masa a'a ba. Amma raina bai so ba ko kaɗan.

Mun bi ta Legas, muka sauya jirgi a Addis Ababa. Yaya ya yi barcinsa har da minshari, ni na zauna ina lissafin yadda zan tsufa a rumfa ina gwada wa mutane takalmi.

Sanyuanli

Mun sauka ana tsakiyar wasannin Olamfik. A Beijing ake yi, amma zafinsa har Guangzhou: biza gajeriya aka ba mu, kuma ko'ina ka juya ɗan sanda na neman fasfo. Alhaji Yusufu, wani ɗan Maraɗi da ya daɗe a garin, shi ya tarye mu ya kai mu masauki a unguwar Sanyuanli, ɗaki mai gado biyu da fanka mai tari.

"Wanga ne ƙanen naka makaɗin?" ya tambayi Yaya.

"Ɗan kasuwa ne," in ji Yaya, ya haɗe rai.

A kasuwar takalma ban yi abin kai ba. Yaya na ciniki da lawban, wato mai shago, suna ta danna na'urar lissafi, ni kuwa ina ƙwanƙwasa ƙasan takalma biyu ina jin bambancin sautinsu. Duk abin da na nuna sai a ce min "meyo", babu ke nan. Ita ce kalmar Sinanci ta farko da na iya, kuma ta dace da halin da nake ciki.

Ranar Juma'a

Mun yi Juma'a a Masallacin Huaisheng. Muna fitowa ruwa ya ɓarke, muka fake a wani shagon kayan kiɗa, abin da Yaya ba zai taɓa yi ba in da rana ake. A can ciki wani dattijo siriri mai furfura yana zaune gaban fiyano yana kaɗawa a hankali, shi kaɗai.

Sai ya shiga wani kiɗa da ya sa tsigar jikina ta tashi. Muna yara akwai wani katun da ake nunawa a talabijin ran Asabar da yamma, labarin wani yaro da ke bin teku yana neman mahaifinsa. Ba mu da talabijin. Yaya ke ɗora ni a kafaɗa mu leƙa ta tagar maƙwabta, kuma a shekarar ce mahaifinmu ya rasu. Wannan kiɗan ake sawa in an tashi. Na juya in gaya wa Yaya, sai na ga hawaye na bin gemunsa.

Kafin in ankara ya sa hannu a aljihu, ya taka har gaban dattijon, ya liƙa masa kuɗi a goshi, ya ƙara, ya ƙara, kamar a gidan biki a Fagge. Dattijo ya tsaya cak. Kuɗin suka zube a kan fiyano. Fuskarsa ta yi ja, ya miƙe ya ɗauki lemarsa, ya ce da Turanci mai rawa, "Ni ba mai bara ba ne."

Kunya ta rufe ni. Mai shagon ta taso tana ta faɗa da Sinanci. Na tari dattijon a bakin ƙofa da nawa guntun Turancin, na ce a ƙasarmu in makaɗi ya taɓa zuciyar mutum haka ake masa, a goshi, a gaban jama'a, don kowa ya shaida. Na ce mun san wannan kiɗan tun muna yara, na rera masa sauran da baki.

Ya daɗe yana kallona. "A Afirka?" ya ce. Sannan ya nuna ƙirjinsa. "Ni na rubuta shi."

Shayi a Huanshi Lu

Washegari dattijon ya gayyace mu shan shayi a titin Huanshi Lu. Na ɗauka Yaya zai ce lokaci ya ƙure, amma shi ya riga ni sa takalmi. Sunan dattijon ya gagari harshena, don haka na bar shi a Dattijo. Ɗan Japan ne. Matarsa ta rasu, ya dawo wurin 'yarsa da ke aiki a wani kamfanin motoci a Guangzhou. Gidan ba fiyano, shi ya sa yake zuwa shagon, mai shagon na barinsa don yana jawo masu saye.

Ya ce ya fara da kaɗe-kaɗen talla, sannan katun, sannan wasannin talabijin da finafinai, har kansa ya yi fari. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda suke aiki. Sau da yawa ba ya ganin hoton. Kira za a yi a ce ana son na baƙin ciki, da na gudu, da na rabuwa, ya je ya rubuta, wasu su manna a inda suka ga dama. Wancan kiɗan da ya sa Yaya kuka, "rabuwa" kawai aka ce masa, kuma a makon ya binne mahaifinsa. Na ce mu a Kano waƙa muke fara yi, furodusa ya saya, sannan a nemo labarin da zai zauna a kanta. Ya yi dariya har ya shaƙe da shayi.

Sunansa, ya ce, a ƙarshen shiri yake fitowa, lokacin da uwa ta riga ta kashe talabijin ta kora yara wanka. Daga baya matasa masu kwamfuta suka zo, waya ta daina ƙara. Ba wanda ya taɓa gaya masa an kai aikinsa ƙasarmu, kuma ba mai kallon da ya taɓa tsayawa gabansa ya gode masa. Tausayinsa ya kama ni sosai, tsoro kuma ya kama ni, don na san Yaya na ji.

Muka koma shagon, ya ce sai na kaɗa masa nawa. Na kaɗa wani da na yi wa wani fim da ba a ƙarasa ba. Ya saurara ido a rufe. Da na gama ya ce hannun hagu na cika surutu, in rage. Sannan ya juya ga Yaya ya ce, "Ƙanenka ya iya." A ranar Yaya ya fara jin kiɗana.

Komawa

Mun loda takalma a kwantena, biza na dab da ƙarewa. A jirgi Yaya ya ce, "Ka dai ga ƙarshensa, Nura. Tsufa ya zo, fiyanon ma na aro."

"Na gani, Yaya," na ce. "Na kuma ga abin da ya yi maka."

Duk da haka na sallama, na fara tunanin wanda zai sayi fiyanona da mutunci.

Mun iso Kano da la'asar, muka wuce gaida Inna. Bayan an sha ruwa ta tambayi Yaya ko na koyi kasuwar.

"Inna, wannan ko shekara ya yi a China ba zai iya sayar da silifa ba," ya ce. "Takalmansa ni zan riƙe masa a rumfata, abin da aka samu ya ci da iyalinsa har harkarsu ta dawo. Kada a taɓa masa fiyano. Makaɗi ne."

Bai sassauta murya ba da ya faɗi kalmar, bai kuma kalle ni ba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Alhaji Yusufu da Dattijo. Yaya kuwa na buɗe baki zan yi masa godiya, ya ce in tashi in ɗauko masa buta.